Ruwan zarto yana tsinkewa a kwana, katako yana ƙonewa: yaya kuka yi da naku?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan harka. Ina aiki da injin nan na tebur mai siririn ruwan zarto da ke hawa da sauka, wanda ake yanka zane da shi. A filawud mai kaurin milimita 6 komai lafiya lau. Da na koma katako mai tauri na milimita 19 don in yanka sunan ɗiyata, sai abu ya dagule. Duk inda na zo kwana sai ruwan ya tsinke, tas! Inda bai tsinke ba kuma gefen yankan ya yi baƙi, har ƙauri kake ji. Ruwa mai lamba 3 nake sawa. Ruwan ne ba shi da kyau, ko injin ne?

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ɗora wa injin laifi tukuna. Lamba 3 ta yi wa wannan kaurin ƙanƙanta. Yadda abin yake, lamba tana hawa, ruwan yana ƙara kauri, haƙoransa suna ƙara girma da tazara. Ƙaramin ruwa a cikin katako mai kauri ba ya iya fitar da garin da yake yankowa. Garin sai ya cushe a cikin tsagar, ruwan ya yi ta gogarsa, zafi ya taru. Wannan zafin shi ke ƙona maka gefe, shi ne kuma ke kashe ƙarfen har ya tsinke. Ciwo ɗaya ne ya fito ta wuri biyu.

Ni a irin wannan katako lamba 7 nake sawa, in zanen yana da lanƙwasa matsattsu in sauko 5. Ka nemi mai giɓi tsakanin haƙora, wanda bayan kowane haƙori akwai fili, domin filin ne ke kwaso garin waje.

Sai batun hannu. In ka iso kwana, daina turawa gaba gaba ɗaya. Ka ɗan jawo katakon wajenka har ya jingina da bayan ruwan, inda babu haƙora, ka dafa yatsa ɗaya kusa da wurin ya zama maka turke, sannan ka juya. Mai juyawa yana turawa a lokaci guda murɗa ruwan yake yi, kuma ƙarfe mai zafi ba ya jure murɗa.

Injiniya:
Baba ya faɗi gaskiya. Amma ɗan'uwa, ka ɗauko guntayen da suka tsinke ka duba: a ina suke karyewa? In a tsakiya ne, maganar zafi ce ko matsi daga gefe. In kuma can ƙarshe ne, dab da inda maƙallin ke riƙe shi, to matsalar maƙallin ce. Nawa ya taɓa yi mini haka, da na kwance sai na ga bakin notin da ke danne ruwan ya cinye ta gefe ɗaya, yana lanƙwasa ƙarshen ruwan duk lokacin da na ɗaure. Na goge bakin ya daidaita, shi ke nan.

Wani abu kuma, sabon ruwa yakan zo da ɗan maiƙo da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa. Wannan maiƙon yana sa shi sulɓewa daga maƙalli a hankali, ka ɗaure da kyau amma bayan ɗan lokaci ya saki. Ina goge ƙarshensa biyu da samfefa kafin in saka. Bayan an ɗaure, in ka tura shi da yatsa bai kamata ya kauce fiye da milimita 3 ba, in ka kaɗa shi kuma ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar garaya. Mutane suna tsoron ɗaurewa wai kada ya tsinke, alhali sakakken ruwa ya fi saurin karyewa, don shi ne ke lanƙwashewa a cikin katako.

Maman Zane:
Ni ƙunar ce ta fi ba ni wahala a da, musamman a katakon ceri, wanda an san shi da saurin ƙonewa. Abin da ya raba ni da ita shi ne salatif mai haske, irin faffaɗan nan na ɗaure kwali. Ga yadda nake yi: in fara lulluɓe katakon da tef ɗin masu fenti, in fesa gam a bayan takardar zanen in manna a kai, sannan in rufe da salatif mai hasken. Ruwan yana ratsa salatif ɗin yana samun santsi, zafi ya ragu sosai. Ranar da na fara gwadawa na yanka fure ɗaya rabi da salatif rabi babu, bambancin a fili yake: gefe ɗaya fari tas, ɗayan kamar an bi shi da gawayi.

Amfanin tef ɗin ƙasa kuwa shi ne cirewa. Kana gamawa ka ɓare shi duka ya tashi da takardar, babu gam a jikin katako.

Mai Wasan Yara:
Akwai abin da ba a ambata ba, kuma ina zargin shi ne rabin matsalar. Yawancin ruwan zarton nan ba sa yanka miƙe. Yadda ake ƙera su yana barin ɗan kaifi a gefe ɗaya na haƙoran, galibi dama, sai ruwan ya riƙa ja ta can. Sabon hannu in ya ga yankan yana barin layi, sai ya tura katakon ta gefe don ya dawo da shi. Nan ake karya ruwa. Abin yi shi ne ka juya katakon kaɗan, ka shigar da shi a ɗan karkace, ka bar ruwan ya bi layin da kansa.

Ga gwajin da nake yi har yanzu: ana cikin yanka sai in sassauta hannu ba tare da na ɗaga ba. In katakon ya zabura gefe, na san ina matsa wa ruwan. In ya tsaya inda yake, hannuna daidai ne.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, na duba guntayen, duk a tsakiya suka karye, wurin har ya yi shuɗi-shuɗi. Na gwada abin da Mai Wasan Yara ya ce, katakon kuwa ya zabura hagu da na sassauta. To gudun injin fa? A ƙarshen maɓallin nake barinsa kullum.

Tsohon Kafinta:
Shuɗin nan shaidar zafi ce. Rage gudun zuwa tsakiya. Injinan da ake iya sauya musu gudu sukan kama daga wajen bugu 400 zuwa sama da 1,500 a minti ɗaya, kuma na ƙarshen ba na katako mai saurin ƙuna ba ne.

Maman Zane:
Baba, a yi mini afuwa, a nan ni na ɗan bambanta. Da na rage gudu sosai sai na ga hannuna yana gaba da injin, ina tura fiye da abin da haƙoran za su iya ci, katakon ma yana tsalle. Ni na fi samun sauƙi in bar gudun da ɗan ƙarfi, in rage turawa.

Tsohon Kafinta:
'Yata, ba mu saɓa ba. Ke hannunki ya riga ya san ruwan, shi kuwa yanzu yake koyo, gudu mai yawa zai sa ya wuce layi kafin ya ankara. Abin da za mu haɗu a kai shi ne dakushewa. Ruwan yana da tsawon inci 5, amma hawa da saukarsa bai wuce wajen santimita 2 ba, wato haƙora kaɗan ne ke cin wahalar duka. Da ka ji sai ka ƙara ƙarfi kafin ya ci, ya mutu, cire shi ko da bai tsinke ba. Filawud ma yana dakushe shi da wuri saboda gam ɗin da ke tsakanin fallayensa. Ni nakan ɗora wani allo mai kauri a kan teburin injin, aikin ya ɗago sama, in samu sababbin haƙora daga tsohon ruwa.

Malamar Fasaha:
Tunda suna kake yankawa, bari in kawo batun takardar kanta, don wasu kwanonin a can ake gyara su tun kafin a kunna inji. In kwanar waje ce mai tsini, ba dole ka juya a kanta ba: wuce ta cikin ɓangaren da za a zubar, ka yi ɗan zagaye, ka dawo ta ɗaya layin. Tsinin zai fito da kaifi. In ta ciki ce, shiga ta gefe ɗaya har ƙarshe, ka ja baya, ka sake shigowa ta ɗayan.

Ka kuma duba haruffa masu ciki irin su a, o, b da d. In harafin kake cirewa daga allo, tsakiyarsa faɗuwa za ta yi sai ka bar mata 'yar gada da ta riƙe ta. Masu yanka rubutun Larabci sun san wannan da ɗigo, kowanne sai an haɗa shi da jikin harafi. Ina shafe duk abin da za a cire da jan biro kafin in huda ramukan shigar ruwa, nan take ake ganin tsibirin da ba shi da mariƙi. Gadar kuma in ta bi tsawon jijiyar katako ta fi ƙarfi, wadda ta gitta jijiya da yatsa ma sai ta ɓalle.

Injiniya:
Ƙari a kan katako mai kauri: ɗora sikwaya, ma'aunin kusurwa na kafinta, ka tabbatar teburin ya yi daidai da ruwan. In ya karkace ko kaɗan, abin da ka yanka zai fita ta fuska ɗaya ya ƙi fita ta ɗayar. Kuma a sa takunkumi, garin nan laushi gare shi, fuska kuma tana dab da aikin.

Malama, ke da kike yawan yin haruffa, kin gwada murɗaɗɗen ruwan nan mai ci ta kowane gefe? Ni a hoton fuska ya yi mini, amma a miƙaƙƙen layi na kasa riƙe shi, tsagarsa kuma ta yi faɗi.