Ƙarafan ɗora kaya a saman mota (kariya) don tafiyar kwanan daji: waɗanne suka yi muku aiki?

Mai tambaya, daga Bauchi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da Toyota Sienna wadda nake zuwa Yankari da ita tare da iyali, amma bana muna shirin hawa Mambila bayan damina, mu kwana biyu a tanti kusa da Gembu. Kayan sanyi da katifu ba za su shiga cikin motar tare da mutum shida ba. Rufinta yana da dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, sai dai babu na giciye da za a ɗora kaya a kansu. Mai walda ya ce zai haɗa mini da baƙin ƙarfe, wani mai sayar da kayan mota kuma ya nuna mini na alminiyam na hannu. Ina roƙon wanda ya taɓa amfani da ɗayansu ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Wani dattijo, tsohon makaniki a Kaduna:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka zaɓi ƙarfe, buɗe littafin motarka ka duba nauyin da aka yarda rufinta ya ɗauka tana cikin tafiya, domin wannan adadi shi ne ke yanke hukunci. A yawancin ƙananan motoci yana tsakanin kilo 50 da 100, kuma a littafin Sienna da na yi aiki da ita kilo 68 aka rubuta. Nauyin kariyar kanta yana cikin lissafin, saboda haka idan mai walda ya haɗa maka wadda ta kai kilo 25, ka cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku tun ba ka ɗora ko tabarma ba. Ni na koyi wannan ne a kan motata, lokacin da na ɗora jarka uku na ruwa masu lita 25 a sama, na manta cewa kowace lita kilo ɗaya ce. Ƙarafan ba su lanƙwashe ba, amma a kwanar farko mai tsanani na ji motar tana rinjaya gefe har gabana ya faɗi, kuma da muka sauke kayan na tarar fentin da ke gindin ƙafafun kariyar ya tsage. Hawan da ke bayan Mayo Selbe kwana ne a kan kwana, don haka ka bar ruwa da tukunyar gas a ƙasa cikin mota, ka ba sama katifu da barguna da tanti.

Direba daga Agadas:
Gaskiyar Baba ce, sai dai ni abin da ya fi ba ni wahala ƙafafun da ke riƙe ƙarafan ne. Na yi shekaru ina kai baƙi Ingal lokacin bikin gishiri na watan Satumba, da kuma Timiya cikin duwatsun Ayar, a Land Cruiser mai magudanar ruwa a bakin rufi. A hanyar gargada noti yana kwancewa da kansa komai ɗaurin da ka yi masa. Wata rana ƙafa ɗaya ta zame, kariyar ta karkace, muka ɓata rabin yini muna gyara a rana. Tun daga nan nake amfani da ƙarafa uku maimakon biyu domin nauyin ya rarrabu, ina sa noti mai roba a ciki, kuma duk inda muka tsaya salla sai na zagaya da sifana na taɓa kowanne. A irin wannan hanya ba na cika adadin da littafi ya faɗa, ina rage kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wata Hajiya daga Abuja:
Malam, ni ƙara ce ta sa na sauya. Na fara da masu kusurwa huɗu, kuma da zarar mota ta wuce gudun kilomita 80 sai su fara fito kamar ana busa sarewa a saman kaina, tun daga Keffi har Jos. Na koma na alminiyam masu siffar fiffiken jirgi, ƙarar ta ragu ƙwarai, kuma suna da tsaga a tsakiya inda ake zura kan noti a ɗaure akwati. Nawa na kamfanin Thule ne, na hannu, amma ka lura cewa kowane irin rufi da ƙafar da ta dace da shi: ta ƙarfen da ya ɗago har hannu na shiga ƙarƙashinsa daban, ta wanda ya manne da rufi daban, ta rufin da ba shi da komai kuma bakin ƙofa take kamawa. Ka je da motar a gwada a gabanka kafin ka biya. Idan kun dawo ka cire su, domin ko babu kaya suna ƙara shan mai.

Mai walda daga Kano:
Ku yi mini afuwa in kare sana'ata. Kariyar walda tana da amfanin da ta kanti ba ta da shi, wato idan ta karye a Serti ko Bali za a samu mai gyara ta nan take, alhali waldar alminiyam ba kowa ke da injinta ba. Kuskuren wasunmu shi ne amfani da bututu mai kauri fiye da buƙata da kuma huda rufi, wanda ke jawo yoyo da tsatsa. Ni bututu mara kauri nake sawa, in yi maɗauri da ke rungumar ƙarfen motar, in shimfiɗa roba tsakaninsu, in kuma bar tazarar aƙalla santimita 70 tsakanin na gaba da na baya.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Baba, na duba littafin, kilo 68 ne kamar yadda ka faɗa. Na auna tanti da katifu uku da barguna a ma'aunin mai sayar da hatsi, sun kai kilo 41, in aka haɗa da kariyar walda mai kilo 25 an kusa cika 68 ɗin ke nan, saboda haka na alminiyam zan ɗauka idan ƙafafunsu sun zauna daidai a gwajin ranar Asabar. Saura igiya: Hajiya, da bel mai maƙulli kike ɗaure naki, ko robar taya ta ishe ki har Jos?