Wata 16 ba ci ba sha, kuma wai sai na biya shi kahin ya sake ni

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Daga wajen Ƙaura Namoda nike, aurenmu shekara 6, ɗiya biyu. Maigidana ya tahi Legas neman kuɗi yau wata 16 ko ƙwandala bai aiko ba, ƙuli-ƙuli nika yi muna ci har na gaji na koma wurin Inna. Da na kira shi na ce ya sawwaƙe mani sai yac ce in dai takarda nika so in maido mashi sadakinshi dubu 80 da kuɗin lehe. Kawuna ya ce a ci bashi a yi khul'i a huta. Wai dole sai na biya?

Maman Walida: Ki ƙara haƙuri 'yar uwa, ko don yaran nan. Zawarci ba daɗi wallahi.

Uwar biyu, Mafara: Haba Maman Walida, haƙurin wata 16 bai isa ba? Da mi za ta ci, da haƙurin?

Abu Sumayya: Baiwar Allah kar ki yi gaggawar cin bashi. Khul'i na macen da ita ce ba ta son zaman alhali miji bai gaza ba, kamar matar Sabit bin Ƙais da ta maida gonar da ya ba ta sadaki. Ke naki daban ne, ciyarwa ce babu, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ka bi alƙali na iya raba aure kan wannan ba tare da kin biya sisi ba. Ki tahi kotun shari'a ta yankinku ke da waliyyinki, in magatakarda ya tambaye ki ki ce ƙarar rashin ciyarwa kika kawo, don in bakinki ya suɓuce kika ce khul'i to maganar kuɗi za a shiga. Za a aika mashi sammaci, ki kawo shaidu biyu maza adilai da sunka san ya tahi bai bar maki komi ba, ana iya sa ki rantsuwa, sannan alƙali ya ɗibar mashi lokaci. In bai zo ba bai aiko ba, a yanke. Amma ki sani, irin wanga saki in ya samu hali ya kawo ciyarwa cikin idda yana da damar kome.

Wata daga Gummi: Ni na bi hanyar nan. Hisbah munka fara zuwa sulhu, bai zo ba, sannan kotu. Zirga-zirga ce kawai da kuɗin mota, sai an ɗaga zama an sake ɗagawa. Ki tabbata kin amshi takardar hukunci da hatimi ki adana, ranar da anka yanke hukuncin idda ta fara, tsarki uku. Yara kuma wurinki za su zauna muddin ba ki yi wani aure ba, cinsu da suturarsu na kanshi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Shaidun hwa, ƙanen babana da mai gidan da muke haya sun isa? Don 'yan uwanshi na san ko an kira su ba za su zo ba.

Abu Sumayya: Mai gidan haya ma ya fi, tunda shi ya san ba a biya shi ba. Ki je da su biyun, ki riƙe lambar wayar mijin da adireshin inda yake zaune a Legas in kina da shi, saboda sammaci.