Tsari ya tsaya a takarda, ina gizo ke saƙar?

Sabo_Dakata:
Assalamu alaikum. Masu horar da 'yan kasuwa, a taimaka. Mai gidan ruwan leda ne, ma'aikatansa 15. A farkon shekara aka zauna da shi aka tsara ƙaro mota, shiga sababbin unguwanni 2, da rage bashin dillalai. Wata 3 ke nan, ko ɗaya bai motsa ba. Me mai horarwa zai yi?

Hajiya_Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Buri 3 a lokaci guda sun yi wa ƙaramin gida yawa. A ɗauki ɗaya na kwana 90, ni dai bashin zan ce, don da kuɗinsa za a yi sauran. Sannan "rage bashi" fata ne kawai. A mayar da shi doka: dillalin da ya wuce kwana 7 bai biya ba, ko jaka ɗaya ba za a sauke masa ba. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin, da sunansa. In aka ce "aikin kowa ne", ba mai yi.

Injiniya_Bala:
Ƙari a kan maganar Hajiya. A riƙa zama duk Litinin, minti 30, kafin motoci su fita. Lambobi 4 kaɗai za a rubuta a allo: jakunkunan da injin ya buga, waɗanda aka sayar, kuɗin da ya shigo hannu, da litar gas da janareta ya sha. In na farko da na biyu suka yi nisa da juna, ko leda na fashewa wajen lodi, ko kaya na bin ƙofar baya. Kuma manaja ne zai karanto lambobin. In mai horarwa ya saba yi musu, ranar da kwangilarsa ta ƙare zaman ma ya mutu.

Baba_Dattijo:
Ku yi haƙuri, kun bar babba. Mai gidan ne ke fara karya dokar. Surukinsa ko abokin zaman majalisa ya bugo waya, sai ya ce wa direba "sauke masa". Yaran suna gani, daga nan kowa ya yi watsi. Wannan magana a keɓe ake yi masa, ba gaban ma'aikata ba. A kuma yanka masa albashi, a raba asusun kamfani da kuɗin cefane. Batun mota kuwa, ya ɗauki haya ta wata guda ya gwada unguwannin tukuna.

Sabo_Dakata:
Na gode, Baba. To in ya ƙi yarda da albashin fa?