Ran tashin matattu: wannan jikin ne ko wani sabo?

Ɗan Agege:
Salama, 'yan'uwa. Tambaya ce ta taso a binciken Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, har aka tashi ba a daidaita ba. Wannan jikin ne zai tashi ko wani sabo fil? Wanda ruwa ya ci ba a ga gawarsa ba fa, ko wanda aka yanke wa ƙafa? Wasu ma sun ce dole a kai gawa gida arewa, kada a binne ta a maƙabartar Atan ta Legas.

Malamin Lahadi:
Ɗan'uwa, buɗe 1 Korintiyawa 15, aya 35 zuwa 44. Tambayarka ce Bulus ya amsa da misalin iri. Ƙwayar da ka shuka ba kamanninta ke fitowa ba, amma kuma gero ba ya tsiro dawa. Wato jikin nan ne, sai dai an sāke shi. Ya lissafa sauyi huɗu: mai ruɓa ya zama marar ruɓa, ƙasƙanci ya zama ɗaukaka, rauni ya zama iko, jiki na mutuntaka ya zama na ruhu.

A na huɗun ake tuntuɓe. Da an ji "na ruhu" sai a ɗauka iska ce ko inuwa. In ka ce janareton fetur, ai ba da fetur aka ƙera shi ba, fetur ne ke tafiyar da shi. Haka nan, jiki ne na gaske wanda Ruhu ke bi da shi. Duba Luka 24:39-43: Yesu ya ce a taɓa shi, yana da nama da ƙashi, har ya ci gasasshen kifi. Ga shi kuma a Yohanna 20 ya tsaya a tsakiyarsu ƙofofi na kulle. Filibiyawa 3:21 ta ce namu zai zama kamar nasa.

Dattijo Obalende:
Malam ya gama da tushe. Batun ruwa kuwa, Ru'ya ta Yohanna 20:13 ta ce teku zai ba da matattun da ke cikinsa. Kai gawa gida girmamawa ce da al'ada, ba sharaɗin tashi ba ne, don haka kada iyali su ci bashin mota saboda tsoro. A kan gaɓoɓi, Agustin, bishop kuma malamin coci da ya rasu a shekara ta 430, ya koyar cewa za a tashi cikakku ba naƙasa. Ya kuma yi hasashen kamannin ɗan shekara 30, amma wannan nasa ne, babu ayar da ta faɗi haka kai tsaye. Kada kuma a haɗa da Li'azaru da Yesu ya tayar daga kabari: shi tsohon jikinsa aka mayar masa, ya sake mutuwa.

'Yar Katolika:
Baba, in ƙara kaɗan. Cocinmu ta yarda da ƙona gawa tun 1963, muddin ba don musun tashin matattu aka yi ba, ko da yake binnewa ta fi so. A 2016 ta hana watsa tokar ko raba ta tsakanin dangi. Jihar Legas ma tana da dokar ƙona gawa tun 2013. 'Yan cocin Otodoks dai ba su yarda da ƙona gawa ba.

Ɗan Agege:
Na gode. To, za mu gane juna? Aure fa?

Malamin Lahadi:
Almajirai sun gane Ubangiji, ko da wasunsu sai daga baya, Toma har da tabon ƙusa. Aure kuwa, Matiyu 22:30 ce amsa: ba a aure, ba a aurarwa. Lura ya ce kamar mala'iku, bai ce za mu zama mala'iku ba.