"Kicked upstairs": ƙarin girma ne ko kora?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. Abin da aka koya mana shi ne "upstairs" na nufin hawan sama na gidan bene, ko kuma nufar can ta matattakala, ba a kuma faɗar ta ga wanda ya hau bishiya ko dutse. To, na karanta an ce wani shugaban kamfani "was kicked upstairs", sai na rasa yadda za a shuri mutum ya tafi sama, alhali ƙasa aka saba faɗowa.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Wannan saɓanin da ka lura da shi, shi ne gishirin maganar. Ana faɗar ta idan an ba mutum muƙamin da ya fi nasa suna amma ba shi da iko, domin a raba shi da kujerar da yake da tasiri a kanta. Ana danganta ta da Lord Halifax a Ingila a 1684, lokacin Sarki Charles na biyu, sa'ad da aka cire abokin hamayyarsa Rochester daga kula da baitulmali aka naɗa shi shugaban majalisar mashawartan sarki; Halifax ya ce ya sha ganin an shuro mutane ƙasa daga bene, amma bai taɓa ganin wanda aka shura sama ba sai wannan karon. A Hausa ni zan ce kora da hali.

Tsohuwar ma'aikaciya: Malam, a yi mini afuwa, ban gamsu ba. Wanda ake kora da hali ƙuntata masa ake yi har ya tattara nasa ya nasa da kansa, shi kuwa wannan har walima ake shirya masa. A ma'aikatarmu an taɓa ɗaga wani darakta zuwa hawa na ƙarshe, aka shimfiɗa masa sabon kafet, aka ba shi masinja, amma fayil ko ɗaya bai ƙara isa teburinsa ba. Muƙamin je-ka-na-yi-ka ya fi kusa.

Malamin Turanci: Hajiya, kin yi gaskiya game da walimar. Sai dai je-ka-na-yi-ka ana iya ba wanda bai taɓa riƙe komai ba, ita kuwa ta Turancin sharaɗinta a ce mutum yana da iko a hannu, kuma ikon ne ya dami na sama da shi.

Ɗalibi: Ke nan ba za a faɗe ta a gaban mutumin ba?

Tsohuwar ma'aikaciya: Ko kusa, ɗana. A gabansa murna za ka taya shi.