Lissafin sinadarin ƙarfe a furar yara ya ƙi fita

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu karatun abinci da lafiya. Aikin kammala digiri ne a nan Damagaram, kan yara 'yan shekara 1 zuwa 3, ta hanyar tambayar uwa abin da yaro ya ci cikin awa 24.

Tuwo da kopto ba su da wuya, ana aunawa a sikeli. Fura ce ta tsaya mini a wuya. Teburin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na FAO (hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya) na 2019 yana ba da adadi a kan giram 100, amma uwa ludayi take ƙirgawa, kuma yara uku a ƙwarya ɗaya suke sha. Wata damunta kauri, wata tsululu, da rana kuma a ƙara ruwa. Surfe ma yana fitar da dusa, ƙarfe da fitat (sinadarin da ke cikin hatsi mai rage tsotsar ƙarfe a jiki) su ragu tare, to layin gero ɗanye zan ɗauka ko na surfaffe?

Shin in auna curin kafin damu, sannan nono da ruwa, in fitar da giram ɗin gero a kowane ludayi gida gida? Ko matsakaici ɗaya ya wadatar?

Sai batun abin da jiki ke tsotsa. In jiki na tsotsar kashi 5 cikin ɗari na ƙarfen abinci, buƙatar yaro miligiram 11.6 ce a rana, da kashi 10 kuwa 5.8. Ga nama ƙalilan, nono ba ya taimakon tsotsar ƙarfe. Wanne ya dace da abincinmu? Allah ya saka da alheri.