Ƙarfina yana ƙarewa bayan minti 60 a fili: garin furotin zan saya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan wasan tsakiya ne ni a ƙwallon ƙafa, shekarata 22, nauyina kilo 70. Atisaye sau biyar a mako, awa ɗaya da rabi kowanne, sai wasa a ƙarshen mako. Da an dawo hutun rabin lokaci da kamar kwata, ƙafafuna sai su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, wani lokaci har sharaɓata ta ɗaure. Ranar wasa shayi kawai nake sha don kada ciki ya yi min nauyi. Wani abokin wasana ya ce garin furotin ne maganin. In saya?

Masaniyar abinci: Wa'alaikumus salam ƙanina. Riƙe kuɗinka tukuna. Furotin gyaran tsoka yake yi bayan an gama aiki, ba shi ne man da kake gudu da shi ba. Man gudu shi ne gilaikojin, wato sitaci da sukarin da jiki ke tarawa, wajen giram 400 a tsoka da kamar giram 100 a hanta. Barcin dare yana cinye kaso mai yawa na wanda ke hanta, kai kuma ka tashi ka ɗora shayi kaɗai ka shiga fili. To da me za ka yi gudu a minti na 70?

Mai atisaye irin naka yana buƙatar sitaci giram 6 zuwa 8 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, kai ke nan 420 zuwa 560. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa giram 45 ne, ayaba matsakaiciya 25. Lissafa abin da kake ci, zai yi wuya in kana kusa da haka. Kada ka ce za ka haɗa shi a zama ɗaya. Raba shi gida huɗu ko biyar: shinkafa, taliya, dankali, burodi, 'ya'yan itace.

Ranar wasa ka ci babban abincinka awa 3 zuwa 4 kafin a take ƙwallo, sitaci kamar giram 140, wato kofi uku na shinkafa da ɗan kaza ko kifi. Nauyin cikin da kake gudu maiƙo ne ke kawo shi, da wake da ɗanyen ganye, don suna daɗewa kafin su bar ciki. Rage su ranar kawai. Saura awa ɗaya, ayaba guda ta isa. A hutun rabin lokaci ka sake sa sitaci ko sukari giram 30 zuwa 60 a ciki. Duk wannan ka fara gwada shi a ranar atisaye, ba a gwajin sabon abinci ranar wasa.

Furotin kuwa, giram 1.6 a kowane kilo ya wadatar, kai 112 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6, kofin madara 8, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza wajen 30. Ka samu 25 zuwa 30 sau huɗu a yini, ka gama. Gari na wanda abinci ya kasa kai shi ga wannan adadin ne.

Koci: Hajiya ta gama magana a kan abinci, saura ruwa. Hau sikeli kafin atisaye, ka sake hawa bayan an tashi, ka cire jiƙaƙƙiyar riga ka goge jiki tukuna. Kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa. In ragin ya wuce kashi 2 cikin 100, wato kilo 1.4 a wajenka, gudu da natsuwa duk raguwa suke yi. Sha mililita 350 zuwa 700 awa 2 zuwa 4 kafin wasa. Bayan wasa, lita 1.25 zuwa 1.5 kan kowane kilo da ka rasa, a hankali, tare da abinci mai gishiri. Ruwan 'yan wasa kana iya haɗa shi da kanka: lita ɗaya ta ruwa, sukari giram 60, gishiri kwatan ƙaramin cokali, ka matsa lemun tsami. In ka zabga sukari fiye da haka zai zauna maka a ciki, har ya murɗa.

Likitan wasanni: Ƙari a kan maganar Koci: kada sikeli ya nuna ka fi nauyi bayan wasa. Ɗirkar ruwa zalla fiye da zufar da aka yi yana tsarma gishirin jini, ya kawo ciwon kai, amai da ruɗewa, yana iya kisa. Ɗaurewar sharaɓa kuma ba kullum gishiri ba ne, sau da yawa gajiyar tsoka ce, shi ya sa take zuwa a ƙarshen wasa, kuma miƙe ƙafar ke sake ta. In ka gyara abinci wata guda gajiyar tana nan, je a auna jininka, har da feritin, ma'ajiyar sinadarin ƙarfe. Shayi a kan abinci yana rage shigar ƙarfen jiki, ka ba su tazarar awa ɗaya.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. To kiriyatin da ake ta yayi fa?

Likitan wasanni: Kiriyatin sinadari ne da tsoka ke amfani da shi wajen samar da ƙarfi cikin gaggawa. Yana cikin 'yan kaɗan daga kayan ƙarin ƙarfi da bincike ya tabbatar da amfaninsu, amma a gajeren gudu mai ƙarfi da ɗaga ƙarfe. Giram 3 zuwa 5 a yini ake sha, kuma zai iya ƙara maka kilo ɗaya zuwa biyu na ruwa a tsoka. Ba zai cika tankin da ka shiga fili da shi wayam ba. Kiriyatin ba ya cikin abubuwan da WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta, sai dai a ƙa'idarta duk abin da aka samu a fitsarinka kai ke da alhakinsa, ko da gurɓataccen gari ne ya jawo. In za ka saya, duba tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport a jikin robar, shaidar cewa an gwada garin don gano haramtattun sinadarai, ka kuma adana lambar rukunin da aka buga a kai.